Shugabanci a Bayan Kanta: Magana da Ƙannenmu Masu Karatun Haɗa Magunguna

(Kiɗan buɗe shiri, a sassauta a hankali)

Ina miƙa gaisuwa ga duk inda muryata ta kai: mutanen cikin garin Dutsin-Ma, da na Karofi da Makera, da masunta da manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Zobe, haka nan mutanen Kurfi, da na Birci da Wurma da Tsauri. Wanda ke kwance ba lafiya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Mai jinya kuma, Allah ya ba da lada.

Yau da ƙannenmu zan yi magana, 'ya'yan wannan yanki maza da mata da ke karatun haɗa magunguna. Wasunku suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu suna Bayero a Kano, wasu suna Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai kuma na makarantun koyon aikin lafiya irin ta Kankiya, da 'yan sakandare masu wannan buri a zuci. Iyaye, kada ku murɗa rediyon, domin rabin maganar taku ce. Ku ke biyan kuɗin makarantar, ku ke kuma shan maganin.

In aka yi taro a jami'a, aka gayyato manya a cikin sana'a, kalmar da suka fi nanata wa ɗalibai ita ce shugabanci. Ku ne manyan gobe, in ji su, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai sau da yawa ɗalibi kan fito daga zauren yana hango kansa a wani ofis mai sanyi a Abuja, ga direba ga sakatare. Ni kuwa na zauna da tsofaffin hannu a wannan aiki, waɗanda suka yi shekara talatin ko fiye suna miƙa wa mutane magani ta taga, kuma abin da na tsinta a bakinsu shi ne shugabancin mai haɗa magunguna a bayan kanta yake farawa, a nan kuma ake gane ko mutum yana da shi ko babu.

Ku kawo wannan a ranku. Damina ta yi tsakiya, watan Agusta, a wani ƙauye na ƙasar Kurfi. Bayan isha'i jikin yaro ya yi zafi zau. Uban ba zai tada babur ya kama hanyar babban asibiti da daddare ba; kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a 'yan shekarun nan. To ina zai nufa? Kemis. Zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙa abin da ke aljihunsa, ya ce, "Malam, a haɗa mini na ɗari biyar." A wannan lokaci babu likita, babu darakta, babu kwamishina. Wanda ke tsaye a bayan kantar nan shi kaɗai ne ma'aikatar lafiya a wurin wannan bawan Allah, kuma abin da ya ƙulla a leda shi ne zai shiga cikin yaron. Wa zai koya wa mai kantar abin da ya kamata ya ƙulla? Wa zai tsawata masa in ya kauce? Ƙannena, aikin da kuke karanta kenan.

(Kiɗa kaɗan)

Bari in ba ku wani tsohon labari. Wanda ya kawo shi shi ne Ibn Abi Usaibi'a, likita kuma marubucin tarihin likitoci, wanda ya rasu a 1270. A zamanin Halifa Mu'utasim na daular Abbasiyya, wajen shekara ta 835, akwai wani babban kwamandan yaƙi mai suna Afshin. Sansaninsa ya cika da 'yan kasuwa masu bin runduna, har da masu sayar da magani, shi kuwa yana so ya tantance na kirki daga 'yan cuwa-cuwa. Bisa shawarar likitansa sai ya sa aka ɗauko wani littafin rajista, aka tsamo sunaye kimanin ashirin, baƙin sunaye waɗanda ba ruwansu da ganye ko saiwa ko ɓawon itace. Aka tura manzanni da kuɗi, kowa ya je ya nemi magani da waɗannan sunaye. Wasu masu maganin suka ce su dai ba su taɓa jin wannan ba. Wasu kuwa suka karɓe kuɗin, suka laluba cikin kayansu, suka ƙullo abin da hannunsu ya kai, suka ce ga shi. Afshin ya sa aka tara su duka. Waɗanda suka ce ba su sani ba, ya rubuta musu takardar izinin zama su ci gaba da sana'a. Sauran ya kore su daga sansanin.

Kusan shekara 1,200 kenan. Abin lura, ba don sun fi kowa sanin magani aka ba waɗancan lasisi ba. Sun samu ne saboda bakinsu ya iya furta "ban sani ba" alhali ga kuɗi a gabansu. In da za a maimaita wannan jarrabawa a kasuwanninmu ranar da suka cika, mutum nawa kuke jin za su haye?

"Ban sani ba" tana da nauyi ga wanda ya sha wahalar boko shekara biyar ko shida, ya dawo gida ana ce masa dakta. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi a ƙasarmu, ita ce "ba zan sayar maka ba." Dalili kuwa, mu mutane ne masu kunya da kara. Wanda ke gabanka a kanti ba baƙo ba ne. Kawunka ne, ko abokin mahaifinka, ko wanda ya taimaka da kuɗin motarka ranar da za ka tafi Zariya. Zai ce, "Yaro, yi mini allura kawai, ƙwaya ba ta yi mini." Ko wani matashi da kuka yi wasan ƙasa tare ya raɗa maka cewa tiramol yake so, na gona ne, don ya ji ƙarfin noma. In ka hana, gobe a majalisa a ce boko ya sa ka girman kai. In ka bayar, ka san abin da ka bayar.

Mun ga inda wannan kara ta kai mu. A ƙarshen watan Afrilu na 2018 BBC ta fitar da wani bincike kan yadda maganin tari mai kodin ke sulalewa daga hannun kamfanoni da dillalai zuwa hannun matasa, kuma Kano na cikin wuraren da aka ɗauki hotunan. Nan take gwamnatin tarayya, ta bakin ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Waɗannan kwalabe da katunan ƙwaya ba daga sama suka faɗo ba. Kowace ɗaya ta bi ta hannun wani wanda ya san magani, ya san illarsa, ya kau da kai.

Tsofaffin hannu sun koya mini cewa hanin ma yana da ladabinsa. Ba a ce wa dattijo "a'a" a gaban jama'a a juya masa baya. Sai ka fito daga bayan kanta, ka ja shi gefe, ka rusuna, ka ce, "Baba, wannan allurar in na yi maka ita ba tare da an auna ka ba, ina tsoron abin da zai biyo baya. Bari in auna jininka tukuna." Ka hana shi abin da ya zo nema, amma ya tafi da mutuncinsa, ya kuma tafi da abin da ya fi masa amfani. Wannan darasi ba ya cikin littafin da za a yi muku jarrabawa a kai. A wurin manya ake ganinsa, a kwaikwaya.

(Kiɗa kaɗan)

In ana maganar shugabanci a wannan sana'a a Nijeriya, dole a ambaci Farfesa Dora Akunyili. Mai haɗa magunguna ce kamar yadda za ku zama. A 1988 'yar'uwarta mai ciwon suga ta rasu bayan an yi mata allurar insulin ta jabu. A 2001 Shugaba Obasanjo ya naɗa ta shugabar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna, ta riƙe ta har 2008. Ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe babbar kasuwar magani ta Onica a 2007. A watan Disamba na 2003 aka buɗe wa motarta wuta a jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta ya shafi fatar kanta. Bayan 'yan watanni aka cinna wa gine-ginen hukumar wuta a Legas. Ba ta ajiye aikin ba.

Wannan kowa ya sani. Abin da nake so ku riƙe ya faru ne tun kafin sunanta ya fito. Tana aiki a asusun PTF, wanda ɗan jiharmu Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, aka ba ta kuɗi ta je Landan a yi mata tiyata. Da ta je likitoci suka ce ba ta buƙatar tiyatar. Sai ta dawo da ragowar kuɗin ta mayar wa asusun. Ba wanda zai tambaye ta, ba wanda zai sani. Labarin wannan riƙon amana yana cikin abin da ya sa aka tuna da ita lokacin da ake neman wanda za a damƙa wa NAFDAC. Don haka, ƙanwata, ke da aka zaɓa ma'ajin ƙungiyar ɗaliban haɗa magunguna a makarantarku, kuɗin rigar ƙungiya da na liyafar ƙarshen shekara da ke hannunki, nan ne PTF ɗinki. Ki rubuta kowace naira, ki karanta lissafin a gaban 'yan'uwanki tun ba su nema ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai kuma wani labarin da nake so kowane ɗalibi ya sani, ko da yake ba shi da daɗin ji. A ƙarshen 2008 asibitoci, ciki har da na Legas da na Zariya, suka fara ganin ƙananan yara da ƙodarsu ta tsaya cak, ba sa fitsari. Da aka bi sawu sai aka gano wani maganin haƙoran yara ne mai suna My Pikin. Wajen haɗa shi, maimakon sinadarin da ya dace a narkar da maganin a ciki, an zuba wani mai kama da shi a ido, mai zaƙi-zaƙi, amma guba ne, irin wanda ake amfani da shi a masana'antu. Yara 84 suka mutu. Irin wannan guba ce ta kashe yara a Jos da Ibadan a 1990, ita ce kuma ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. A duk waɗannan wurare akwai wani mai ilimin magani da aikinsa ne ya gwada kayan haɗin kafin a zuba, ya sa hannu. Gwaji ɗaya aka tsallake, ko don sauri, ko don araha, ko don maigida ya ce a wuce.

Wata rana kai ne za ka tsaya a wannan matsayi. Wataƙila ba a masana'anta ba, a sito na asibiti. Ɗan kwangila zai kawo katan-katan na magani, farashinsa ya yi arhar da hankali ba zai ɗauka ba, ko wa'adinsa saura wata biyu, a ce maka daga sama aka turo shi, sa hannu kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe irin namu ɗaya cikin kowane magani goma jabu ne ko mara inganci. Alƙalaminka shi ne ƙofar ƙarshe. Shawarar da masu gogewa ke bayarwa a nan ita ce kada ka yi faɗa da baki. Rubuta. Ka rubuta lambar rukunin maganin da ranar ƙarewar wa'adinsa da dalilinka na ƙin karɓa, ka miƙa wa na gaba da kai, ka ajiye kwafi. Takarda ba ta da fushi, ba ta kuma mantuwa.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu mu dawo gida. Abin da zai sa a bi ku a Dutsin-Ma da Kurfi shi ne ku san abin da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su damu da shi ba.

Ku duba jikin kwalin magani. Yawanci za ku ga an ce a ajiye shi a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 ba. To mu a bazara, Afrilu zuwa Mayu, zafi kan kai 40 a inuwa. Shagon langa-langa da rana tsaka kuwa tanda ce. Ga mai tallan magani a faranti ko a bayan keke yana yawo da shi a rana daga safe har la'asar. Maganin na iya zama na gaskiya ranar da ya bar kamfani, amma kafin ya kai bakin mara lafiya ya rasa ƙarfinsa. Insulin, da alluran riga-kafi, da allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini, waɗannan firji suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan aka ɗauke wuta kwana uku, me ya faru da abin da ke cikin firjin? Wanda ya tashi ya bi ofis-ofis har aka sa wa ɗakin ajiyar magani sola, ya rataya ma'aunin zafi, yana rubuta abin da ya nuna safe da yamma, wannan ya ceci matan da ba zai taɓa sanin sunayensu ba.

Sai kuma harshe. Ka rubuta wa tsohuwa "sau uku a rana" a jikin leda, me ka gaya mata? Tana iya shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar. Amma in ka ce, "Inna, ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya in za ki kwanta barci," ka raba mata yinin kusan awa takwas-takwas da agogon da ba ta saɓa masa. In azumi ya gabato, mai ciwon suga da mai hawan jini suna buƙatar a zauna da su tun a Sha'aban a tsara yadda za su sha maganinsu tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma gaya wa wanda azumin zai cutar da shi gaskiya, ya koma wurin likitansa da malaminsa.

Ga kuma fura da nono, abincinmu na kullum. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu, wanda ake sha sau shida cikin kwana uku, ya fi shiga jiki in an sha shi da abu mai maiƙo, don haka nono abokinsa ne. Amma kafson nan da muke kira ja da yalo, nono na ɗaure shi a ciki ya hana shi aiki, kuma ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro. Kwano ɗaya, magani biyu, hukunci biyu. Wanda ya san wannan, ya kuma iya faɗarsa da Hausar da mai tallan nono za ta gane, ya fi wanda ya haddace sunayen sinadarai ɗari amfani a garinmu.

Tunda na ambaci zazzaɓi, bari in ɗan tsaya a kansa, domin shi ne babban abokin gabarmu. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Tun 2005 ƙasar nan ta bar kulorakwin a matsayin maganin farko saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Jiharmu ta Katsina na cikin wuraren da aka fara gwada raba wa yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya wata-wata a lokacin damina, gida-gida. Duk da haka har gobe za ka ji an ce "maleriya da taifot" ba tare da an ɗiga jini an gwada ba, alhali gwajin bai fi minti ashirin ba. Sai a haɗa wa mutum maganin zazzaɓi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sha na kwana biyu, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran don wata rana. Haka ake horar da ƙwayar cuta har ta gagari magani. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗin haka tun 1945. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi tsanani. Idan mutum ya ce kuɗinsa na rabin magani ne, kada ka yanka masa kati ka sallame shi. Ka nemo masa irinsa mai sauƙin kuɗi wanda ke da rajista, ko ka gaya masa gaskiya cewa rabin nan cutarwa ce.

(Kiɗa kaɗan)

To, masu kemis fa? Na san wasunku suna dawowa daga jami'a da raini a kansu. Ku yi hattara. Mai kemis ɗin nan shi ya riƙe ƙauyen shekara ashirin lokacin da babu mai digiri ko ɗaya da ya yarda ya zauna a can. Doka ta san da shi. Hukumar kula da harkar haɗa magunguna ta ƙasa, PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke ba shi lasisi, ta kuma iyakance masa magungunan da zai sayar. Matsalar ita ce da yawa sun tsallake iyakar, suna allura, suna ƙarin ruwa a bayan labule. In ka shigo da barazana, za su rufe maka ƙofa, su ci gaba da abinsu a ɓoye. In ka zauna da shugabannin ƙungiyarsu, ka gaishe su da girmamawa, ka nuna musu alamomin da in sun gani a jikin yaro, kamar suma ko jijjiga ko kasa shan nono, su tura asibiti nan take, ka ba su lambar wayarka su kira ka ko da tsakar dare, to ka sami idanu da hannaye a ƙauyukan da ƙafarka ba za ta taka ba. Wanda ya ƙi ji bayan haka, sai doka ta yi aikinta, kada kuma ka je roƙa masa.

Ku kuma san inda kayan ke fitowa. Shekara da shekaru dillalan magani na Kano a Sabon Gari suke, daga can kaya ke bazuwa zuwa garuruwan Arewa. A 2024 hukumomi suka rufe shagunansu, aka tilasta su komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya, inda za a iya sa ido kan abin da ke shiga da fita. An kai ruwa rana kafin a kai ga haka. Wanda zai buɗe kantin magani a nan, ya san daga hannun wa yake saye, ya karɓi rasit, ya duba lambar NAFDAC.

Tsakaninku da likitoci da ma'aikatan jinya kuma, kada ku gaji rigimar da kuka tarar. In ka ga kuskure a takardar likita, kada ka ɗaga ta sama a gaban mara lafiya don a san ka iya. Ka ce masa ya ɗan zauna, ka je ka sami likitan ku biyu. Na taɓa kai yarona wani asibiti, aka rubuta masa magani, na je taga. Wata matashiya mai farar riga ta dubi takardar, ta dubi yaron, ta tambaye ni shekarunsa, ta sa aka ɗora shi a sikeli. Sai ta ce in ɗan jira ta. Ta shiga ciki, ta dawo da takardar an gyara adadin. Ba ta ce mini kowa ya yi kuskure ba, ni ma sai daga baya na gane abin da ya faru. Ban san sunanta ba har yau, amma ina sa ta a addu'a.

'Yan mata masu wannan karatu, ku dage. Akwai matan aure da yawa a garuruwanmu da ba za su iya buɗe baki su gaya wa namiji abin da ke damunsu ba, sai su aiki yaro da sunan cuta a baki, a haɗo musu abin da aka ga dama. Ranar da suka ji akwai mace a bayan kanta, da kansu za su zo.

Maganar neman jagora ita ce ta rage. Ƙungiyar masu haɗa magunguna ta Nijeriya tun 1927 take, kuma ɗan Arewa, Ahmed Yakasai na Kano, ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2018, don haka ba ku rasa magabata ba. Bayan kun gama jami'a akwai shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ku, kafin jarrabawar samun cikakken lasisi da bautar ƙasa. Wasu kan ɗauki shekarar nan a matsayin ta karɓar albashi da sa hannu a rajista. Asara ce babba. Ka nemi wanda ya fi kowa tsanani a wurin, wanda ake cewa ba ya wasa, ka manne masa. Ka riga shi zuwa. Ka tambaye shi kuskuren da ya taɓa yi wanda har yau yake tunawa. Za ka yi mamakin yadda dattijo zai buɗe maka cikinsa in ya ga da gaske kake. Ka koyi cike takardar nan mai ruwan ɗorawa da ake aika wa NAFDAC idan magani ya yi wa wani illa, domin ta irin waɗannan rahotanni ake gano mugun magani tun bai yi ɓarna mai yawa ba. Kada kuma ka raina ma'aikacin sito da ba shi da digiri. Shi ya san wane magani ke ƙarewa a Agusta, wane ne ke kwana har ya lalace.

Na san da yawanku idonku na kan Abuja da Legas, wasu ma Ingila da Kanada. Ba zan ce kada kowa ya tafi ba, kowa da rabonsa. Amma Dutsin-Ma ta yau ba ta shekara ashirin da suka wuce ba ce. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika da ɗalibai da ma'aikata da iyalansu, duk masu buƙatar wurin da za su sayi magani hankali kwance. Mai kanti na gaskiya ba zai kwana da yunwa a nan ba.

Kafin in sallame ku, ga aikin hutu. In kun dawo gida, ku roƙi Inna ko Gwaggo ta fito muku da ledar nan ko gwangwanin da take tara magunguna, kowane gida akwai shi, a ƙarƙashin katifa ko a cikin kwalla. Ku zazzage a kan tabarma, ku zauna tare. Ku ware wanda wa'adinsa ya wuce, da wanda ya canja launi ko ya narke, da ƙwayoyin da ba kwali ba suna. Ku tambaye ta wannan na mene ne, wa ya ba ki, yaushe kike sha. In tana da hawan jini, ku duba ko kullum take sha ko sai ta ji ciwon kai. Wanda ya lalace kada a zubar a bola inda yara ke wasa; ku ƙulle shi ku kai ɗakin magani na asibiti mafi kusa ku tambayi yadda za a yi da shi. In kun gama da ɗakinta, ku shiga na maƙwabta.

Nan za mu dakata a yau.

(Kiɗan rufe shiri)